Na Je Kallon Kufan Wasu

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni Misra ba. Idon ne ma aka je buɗewa. Na daɗe ina fama da yana, tun ina ganin mutum kamar a cikin hayaƙi har ya zama da murya nake gane mai gaishe ni. Na hagu ya riga ya yi sallama da duniya. Na dama kuma likitocin Kano suka leƙa suka ce bayan yanar akwai wata matsala can ciki, sai dai a gwada waje. Babban ɗana, wanda yake harkar fatu a birni, shi ya ɗauki nauyin tafiyar, shi kuma ya raka ni.

Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa. Wanda ya tashi a irin garinmu ya san abin da nake nufi. Tun da aka raɗa masa sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. In ina da magana da shi sai in yi gyaran murya, ko in gaya wa ƙaninsa a gabansa, shi kuma ya amsa wa ƙanin a gabana, magana ta ƙare lafiya. To ga shi an haɗa mu a ɗaki ɗaya na masauki, gado na kallon gado, babu ƙane babu uwa da za a bi ta kansu. Sai muka koma gaya wa bango. In yana son in ci abinci sai ya sanar da bango cewa an kawo shinkafa. Ni kuma in sanar da bangon cewa ba gishiri.

Kafin mu taso akwai maganar da na bari a gida. A ƙofar gidanmu akwai zauren ƙasa da babanmu ya gina da hannunsa tun kafin a haife ni, rufin azara, da zankwaye biyu a sama kamar kunnuwan zomo. A ciki akwai alkuki, ɗan ramin nan na jikin bango inda yake ajiye fitila da goronsa. A nan yake tufkar igiya da rani, a nan yake cin tuwo da baƙi, daga nan kuma aka ɗauke shi zuwa makwancinsa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi wa bayan zauren sabon yaɓe, amma cikin ba a taɓa shi. A gefen alkukin akwai sawun yatsunsa da ya ja a kan ɗanyar ƙasa ranar da ya gama ginin, suna nan yadda ya bar su.

Garinmu na gefen Ungogo ne, birni ya daɗe da cimma mu. Gonakin da muka yi kiwo a cikinsu sun zama fulotai, inda a da kukan jaki ke tashinka yanzu hon ɗin adaidaita sahu ne. Taubashina, ɗan kawuna, wanda tun muna yara ba mu da sana'ar da ta wuce tsokanar juna, ya sayar da gona ɗaya ya zuba katangar bulo da ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti. Daga ranar ya samu aikin yi. Kullum da yamma a gindin darbejiya sai ya tambaye ni lafiyar gara, ko ta rage mini wurin zama a zauren. Ya ce in ruwa ya yi ƙarfi in aiko yaro, zai ara mini laima in zauna a gidana. Ni da na saba ni ke sa a yi wa mutane dariya, aka wayi gari ni ake yi wa. Rannan a gaban kowa na ce kafin in dawo daga Misra zauren nan zai zama shagunan bulo, mai son kallo ya tanadi ido. Makaho ne yake cewa a tanadi ido, amma ba wanda ya lura.

Na gaya wa ƙanen yaron a gabansa cewa a rushe zauren ba na nan. Babban ya ce to, ya yi magana da masu diga da shebur, aka sa Asabar ɗin ƙarshe kafin mu dawo. Yayata, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta, ita kaɗai ta tanka. Ta ce, "Kai da ba ka ganin zauren, me ya tsone maka ido?" Na ce mata zamani ne ya zo. Daga nan sallama kawai take amsa mini, ita ma don kada a rubuta mata zunubin gaba. Ranar tafiya kowa ya fito rakiya, ita tana ɗaki tana ɓarar gyaɗa.

An yi aiki, an kwance bandeji. Abin da na fara gani shi ne wani dattijo mai furfura a gemu tsaye a kaina. Har na gyara murya zan gaishe shi da ladabi, ashe ɗana ne. Yaushe ya tsufa ba wanda ya gaya mini, ban sani ba. Likita ya ce mu dakata ya ƙara dubawa kafin ya sallame mu, ya ba ni baƙin tabarau irin na ɗan sandan ciki, ya ce in guji rana da ƙura. Ranar Alhamis ba mu da abin yi. Yaron ya gaya wa bango cewa akwai gidan tarihi da kufan mutanen da, in mutum yana son ya gwada ido. Na gaya wa bangon cewa ba laifi.

Ya samo mana mai yi wa baƙi jagora, wani Bamisire mai tumbi da gashin baki, yana riƙe da laima a naɗe wadda yake nuni da ita. Shi zai yi wa ɗana Turanci, ɗana ya juyo mini da Hausa. Ni boko aji uku na yi, malaminmu ya ce jakin gidanmu ya fi makaranta buƙatata, kuma bai yi ƙarya ba. Larabcina kuwa iyakarsa sallah. Sai dai fassarar ɗan fari ga ubansa gajera ce. Mutumin zai yi ta zuba kamar mai tallar magani a kasuwa, yana ɗaga laima yana saukewa har gumi ya keto masa, in ya gama sai yaron ya dubi ƙasa ya ce, "Ya ce tsoho ne."

Na ɗauka zinariya za a nuna mini, kuma an nuna, har ta ishe ni. Kujerar zinariya, gadon zinariya, takalmin zinariya da ko mahaukaci ba zai shiga gona da shi ba. Gumaka kuwa ga su nan jere, mutum da kan shaho, mutum da kan kare. Na yi a'uziyya na wuce, ko da yake na ɗan waiwayi mai kan karen, don ya yi kama da taubashina in yana cinikin akuya.

Sai aka shigar da mu wani ɗaki mai duhu da sanyi. Mutane ne kwance a cikin gilashi, an nannaɗe su, fuska a waje, haƙora a waje. Bakina ya riga hankalina, na yi musu sallamar da ake yi wa mutanen maƙabarta. Sai daga baya na tuna ko su wane ne, na rasa yadda zan janye ta. Mutanen gindin darbejiya sun ce in na je in gaishe musu da Fir'auna, don haka na tambaya wanne ne shi a ciki. Jagora ya yi dogon bayani har da ƙirga da yatsu. Yaron ya ce, "Ya ce ba a tabbatar ba." Na ce to ai na gaishe su duka, kowa ya ɗauki rabonsa. Na fito ina roƙon Allah in tawa ta zo a rufe ni da wuri, kafin wani ya yi tunanin gilashi.

Inda ƙafata ta tsaya wani dogon ɗaki ne da baƙi ke ratsawa da sauri, ba mai ɗaukar hoto. Kwando ne a ciki, da faifai, da tsintsiya, da takalmin kaba, da lauje, da dutsen niƙa har da ɗansa a kai. Na ce ikon Allah, wato madafin Yaya aka kwaso aka kawo nan aka kunna masa fitila. Can a ƙarshe ga igiya a naɗe. Na matsa. Tufkar tana nan daram, ba inda ta warware, kuma hannun da ya murza ta bai yi gaggawa ba. Wani ne ya zauna a inuwa da rani, aikin gona ya ƙare, ya ɗora zare a cinya yana murzawa yana sauraron gulmar gari. Ban san lokacin da hannuna ya kai jikin gilashin ba. Wata mata mai kaki ta taso ta jefa mini magana. Wannan karon fassarar ta zo cikakkiya. "Ta ce ido kawai, ba a taɓawa."

Kusa da igiyar akwai ɗan gida na yumɓu, bai fi tafin hannu biyu ba, irin wanda yara ke ginawa bayan an ɗauke ruwa. Ga ƙofa, ga matakala, ga rumbu. A jikin bangonsa na ciki kuma ga ɗan rami, wanda ko ba a fassara mini ba na san wurin fitila ne.

A nan abin ya faɗo mini. Sawun yatsun babanmu na daɗe ban gan su ba. Shafawa kawai nake yi in zan ajiye carbi, kamar yadda ake shafa kan jika. Yanzu an gyara mini ido, kuma abin da na fi son in kalla da shi ni na sa a kawar kafin in isa. Yau Alhamis. Jibi masu diga za su zo.

Gyaran ba shi da wuya. Waya tana aljihun yaron, magana kuma ba ta wuce a ce a dakata ba. To amma dattijo ya yi magana a gindin darbejiya gaban jama'a, ya maimaita gaban 'ya'yansa, ya ɓata da yayarsa a kanta, sannan ya zo ƙasar mutane ya lashe ta a gaban ɗan fari, don ya ga kayan wasan yara a cikin gilashi? Na ce a raina bari in bi ta gefe yadda muka saba. Shi zai gane da kansa, shi zai roƙe ni a fasa, ni kuma in ja aji kaɗan sannan in yarda saboda shi.

Matsalar ita ce bakina bai iya yabo ba. Tun ina yaro abin da na fi so shi na fi yi wa tsiya. Uwar yaran nan sai da ta haihu biyu kafin ta gane in na ce miyarta ruwa ce, ƙari nake nema. Don haka na dubi ɗan gidan yumɓu na gaya wa gilashi cewa mutanen nan dai sun rasa mai share musu tarkace, irin wannan ai mu ma muna da shi a ƙofar gida, har ya fi nasu girma da tsufa. Na saurara. Yaron ya ce haka ne. Na ƙara da tambayar gilashin ko zauren nan yana tsaye har yanzu. Ya ce yana nan, sai Asabar. Na yi ajiyar zuciya mai ƙarfi, wadda a ganina ko dutsen niƙan da ke gefe ya fahimce ta.

Muka fito muka yi Azahar a wani masallaci, jagora ya kai mu inda ake sayar da wake da gurasa. Waken nasu dafaffe ne lugub, an zuba masa mai da lemon tsami, ba laifi. Ina ci ina shirya farmaki na biyu. Na gaya wa kwanon wake cewa yanzu haka wancan mai shuɗiyar ƙofar yana gindin darbejiya yana gaya wa mutane cika baki na yi, ga zaure nan tsaye ko ƙwarzane babu. Nufina yaron ya ce rabu da shi Baba, bakinsa ne, mu bar abinmu. Na ma tanadi amsar da zan ba shi.

Ya dube ni ta gefen ido, ya ajiye gurasarsa, ya tashi ya fita waje da waya a hannu. Ta taga ina hango shi yana kai da kawo, yana magana yana sara iska da hannu, kamar mai ba da umarnin da ba ya son musu. Wani sanyin daɗi ya ratsa ni. Na ce yaron nan Allah ya yi masa kaifin hankali, jinina ne, ba sai an buɗe masa magana ba. Da ya dawo ban tambaye shi ba, shi ma bai ce ba. Na sa aka ƙaro wake.

Daga nan mota ta fita da mu bayan gari. A hanya na ga gonakinsu, kore shar, ga dabino ga wasu baƙaƙen shanu masu faɗin baya, ba taku ɗaya na ƙasa da aka bari banza, kamar dai namu kafin fulotai. Sai kuma koren ya yanke tashi ɗaya kamar an sa wuƙa, rairayi ya karɓa. Jagora ya nuna dala da laimarsa yana jiran in riƙe baki. Na ce a gaya masa mu mutanen Kano ba a burge mu da dala, na ga ta buhunan gyaɗa ina yaro da babanmu ya kai ni birni, tamu kuma ana ci. Ban san abin da yaron ya fassara ba, amma mutumin ya yi murmushi ya dafa ƙirji ya yi godiya.

Gaskiya dai dalar ta yi girma. Wadda aka kai mu hawa-hawa ce kamar matakala, in ka ɗaga kai hularka na neman faɗuwa. Masu raƙuma suka yanyame mu, kowa na son in hau a ɗauke ni hoto. Na ce ni da na zo gyaran ido ba zan koma da karaya ba. Ina cikin walwala, har tsokanar wani Bature na yi da hannu, wanda rana ta mayar da shi kamar ɗanyen nama.

Can gefe, nesa da inda jama'a suka taru, akwai wasu guntayen bangaye da ba su wuce ƙugu ba. Ba dutse ba ne, ƙasa ce. An kewaye su da igiya, ga wani mai kaki da bindiga zaune a 'yar inuwa yana gadinsu. Na tsaya ina kallon mutum da bindiga yana gadin kango. A wajenmu kufai na akuya ne da yaran da ciki ya matsa, sai kuma manomi mai wayo da zai zo da jaki ya kwashi ƙasar. A nan kuwa mutane ke hawa jirgi daga ƙarshen duniya su zo su tsaya a rana su dube shi.

Na matsa har igiyar ta taɓa cikina. Tubalinsu shimfiɗaɗɗe ne, ba mulmulalle irin namu ba, amma ƙasar ita ce, har da guntayen ciyawar da aka cuɗa ta da su. Na cire tabarau, likita ya yi haƙuri. A tsakanin tubali biyu, inda magini ya shafe ƙasar da ta fito, ga sawun yatsu, ya ja su daga dama zuwa hagu, na tsakiyar ya fi nutsewa. Na nuna, na ce wane ne wannan? Jagora ya ɗaga laima ya yi ta bayani. Yaron ya ce, "Ya ce lebura ne."

Na daɗe a wurin. Sai na ji ba na son in kwana da zato, ko da zaton alheri ne. Ina son in ji da kunnena cewa an fasa. Ba bango kusa sai na mutane, shi ma an hana taɓawa, don haka na juya na dubi ɗana a fuska, abin da ban tuna ranar da na taɓa yi ba.

Na ce, "Zauren nan, a bar shi. Ina son in gan shi."

Ya ce, "Baba, ai na ga tun safe abin yana damunka."

Sauran a ƙasa ya gaya wa rairayi. Ya ce da ya ga na yi ta tambaya, kuma na ambaci dariyar da ake yi mini, sai ya ga bai kamata a kai Asabar ba. Akwai katafila da ke share fulotai a bayan gari, ya sa ƙaninsa ya roƙi direban ya ratso bayan Azahar. Ya so ne ya bari sai mun koma masauki ya nuna mini bidiyon da ƙanin ya turo, don in ji daɗi. Ya ciro wayar, bai san ko ya miƙo ko ya mayar ba. Na karɓa.

Likitan nan ya iya aiki. Ba abin da ban gani ba. Na ga zankon dama ya fara sunkuyawa kamar mai gaisuwa, na ga azara ta miƙe tsaye ta kwanta, na ga ƙura ta tashi ja, yara na tsalle. Na ga cikin zauren a buɗe ga rana, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka rufa shi, har na hango baƙin hayaƙin fitila a saman alkuki kafin bakin katafilar ya rufe shi. A gefe ga taubashina tsaye, hularsa a hannu, ba ya dariya. Can baya ga Yaya a ƙofar gida da mayafi a ka, ta harɗe hannu.

Da na ɗago, dattijon nan mai furfura yana kallona kamar yaron da ya fasa tulu. Ya yi abin da ubansa ya ce, ya ƙara da abin da ya zaci ubansa na so. Na ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka." Na mayar da tabarau, don rana ta yi yawa.

Jagora ya leƙo kan wayar ya ga ƙura na tashi, ya tambayi ɗana mene ne wannan. Yaron ya juyo ya dube ni. Na ce, "Ce masa tsoho ne."

Da muka dawo gida ban tarar ko da tudun ƙasa ba. Wurin fes, har an ja igiyar harsashi. Ashe tun ƙura ba ta kwanta ba Yaya ta aika aka kira masu jakuna da mangala. Duk manomi ya san tsohuwar ƙasar bango, wadda ta sha hayaƙi da zafi da shekaru, ta fi takin kanti. Maƙwabta sun fito da buhuna kowa na son ya ɗiba, aka ce Yaya ta tsaya a kai da muciya a hannu. Ta sa aka kwashe tas aka kai gonar bayan gida, wadda ita kaɗai ce ta rage mana cikin gonakin babanmu, aka baza kafin ruwan shuka.

Da yamma na tafi gindin darbejiya da sabon idona, na shirya karɓar girmana. Aka yi mini barka, aka tambayi Fir'auna, na ce yana amsawa. Taubashina ya bari sai da mutane suka ragu. Ya ce a zauren nan ya fara cin tuwo da manya, a nan babanmu ya koya masa tufka yana dukan hannunsa. Sannan ya ce, "Kai ma dai. Wasa fa nake yi. Wa ya ce ka biye mini?" Na duba ko akwai abin jifa kusa, ban samu ba, duk an share.

An gina shagunan, guda biyu. Ɗaya mai cajin waya ne ya kama, ɗayan mai aski, yana sakin kiɗa tun hantsi. In na gaji da cikin gida nakan sa kujerar roba a bakinsu, kwanon rufi na gasa mini ƙeya, ina ganin duk mai wucewa tar.

Geron gonar bayan gida kuwa a shekarar nan sai da mutane suka riƙa tsayawa kallo. Ya fi na kowa tsawo, zangarniya kamar damtsen ƙato, iyakar inda aka baza ƙasar iyakar inda ya yi haka. Na so in yi alfahari da shi a gindin darbejiya, na rasa ta inda zan fara.

Bayan an yi girbi Yaya ta aiko a kira ni ɗakinta. Na shiga na zauna a bakin tabarma. Ta dama fura a ƙwarya ta tura mini, ta ce, "Sha. Zauren ne."

Maganarta ta farko ke nan da ta wuce amsa sallama. Na sha. Fura ce mai kyau, ta ji kayan yaji. Ina sha na ba ta labarin Misra, da igiyar, da matar mai kaki, da mai bindigar da ke gadin kango. Ba ta yi dariya ba, amma ba ta kore ni ba. Da na kai ƙarshe sai ta nuna mini kabet ɗinta da haɓa, tsohon kabet mai gilashi da ta zo da shi daga gidan miji. A hawan tsakiya ta matsar da tasoshi gefe, ta shimfiɗa ɗan farin ƙyalle, a kai ga ɓaren yaɓe kamar tafin hannu, da sawun yatsu a jiki. Ta ce ta tsince shi ne kafin jakuna su zo.

Na durƙusa na duba. Na ƙara dubawa. Ɓaren ja ne wur, ba alamar hayaƙi ko kaɗan, ga guntun ciyawa a jiki da ko launi bai gama sakewa ba. Na gefen alkuki baƙi ne, na san shi tun ina rarrafe. Wannan yaɓen baya ne, na 'yan shekarun nan, kuma na san leburan da muke ɗauka yana yi mana, yana nan da ransa, yanzu ma ya koma sayar da rake a bakin titi. Da tsohon idona da ban gane ba.

Na ce, "Hannun Baba ke nan."

Ta ce, "Da na wa?"

Na kai hannu zan zuge gilashin. Ta buge shi da ludayi. Ta ce ido kawai.